Porsche 944 da Matsalar Noƙewa Idan An Taka Totur

Akwai wata matsala da tsofaffin motocin gudu suke yawan fama da ita, wadda ba ta tsayar da mota a hanya amma tana cire wa mai ita daɗin tuƙi gaba ɗaya. Motar za ta tashi da bugu ɗaya, ta yi silo lafiya lau a gareji, har wanda yake tsaye a gefe ya rantse cewa injin ƙalau yake. Sai an hau titi an taka totur domin a wuce wata babbar mota, sannan za a ji ta noƙe na ɗan lokaci, ta yi tari sau ɗaya ko biyu, kafin ta fizga ta tafi. A motar kai yara makaranta mutum zai iya haƙuri da wannan har shekara, amma motar da aka ƙera domin ta amsa ƙafar direba nan take, idan ta rasa wannan to ta rasa dalilin ajiye ta, ban da haɗarin da ke cikin noƙewar mota a daidai lokacin da aka fita hannun masu tahowa.

Motar da zan yi bayani a kanta ita ce Porsche 944, domin ita ce a hannuna, ƙirar 1986 irin ta kasuwar Turai, wadda ta shigo ta Kwatano tun kafin ta zo gare ni. An ƙera wannan samfuri daga 1982 zuwa 1991, akasari a masana'antar Audi da ke Neckarsulm a Jamus, da inji mai silinda 4 a gaba, akasari mai girman lita 2.5, akwatin giya kuma a baya. Irin tawa tana da ƙarfin doki 163, ba ta da katalis mai tace hayaƙi a salansa, ba ta kuma da sensar iskar oksijin. Abu na farko da ya kamata mai ita ya sani shi ne, babu inda za a jona mata kwamfutar bincike. Tsarin OBD-II da makanikan zamani suka dogara da shi sai a 1996 ya zama dole a Amurka, shekara 10 bayan an ƙera wannan motar, kuma birenbos ɗin Bosch Motronic da ke cikinta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ba ya ajiye tarihin matsala, ba ya kuma kunna fitilar gargaɗi. Bakaniken da ya rasa kwamfuta yakan koma canje-canje: yau fulogi, gobe famfon mai, jibi nozuloli, daga ƙarshe ya ce birenbos ne. Kayan wannan motar ba kasafai ake samunsu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba, sai an yi odarsu daga waje da kuɗin waje, saboda haka kowane zato da bai faɗa daidai ba kuɗi ne masu nauyi da makonni na jira. Kusan duk abin da ke haddasa noƙewa a wannan motar ana iya auna shi da mitar rewaya da gejin matsin mai kafin a sayi ko da wasa guda, kuma wannan hanyar ce kaɗai nake ganin ta dace.

Kafin a ɗauki sifana yana da kyau a fahimci abin da ke faruwa a cikin injin a wannan ɗan lokaci. Idan direba ya taka totur, abin da yake yi kawai shi ne buɗe wa iska hanya. Iska sakayau take, tana kwarara cikin injin nan take, man fetur kuwa sai an auna shi an fesa, wani ɓangarensa ma ya manne a bangon manifol, wato bututun da ke kai iska cikin injin, kafin ya isa silinda. Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai ta fuskar nauyi, idan kuma ana neman ƙarfi yana son man ya ɗan fi haka yawa. To a daidai lokacin da aka taka, iska takan riga mai isowa, haɗin ya yi tsinkakke, wutar fulogi ta kasa cinye shi yadda ya kamata. A motocin kafireta irin su Peugeot 504 akwai ɗan famfo da ke tsarto ƙarin mai duk lokacin da aka taka domin cike wannan giɓi. Motronic kuwa lissafi yake yi: yana duba saurin juyin inji daga sensoshi biyu da ke kan filawil, da yawan iska daga ma'aunin iska, da zafin ruwan inji, da kuma ko totur a rufe yake ko a buɗe, sannan ya yanke tsawon lokacin da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗa masa ƙarya, shi ma ƙarya zai lissafa, kuma a motar da ba ta da sensar oksijin babu mai komawa ya gaya masa cewa ya yi kuskure.

Saboda haka bincike yana farawa ne daga kujerar direba, da tambayar yaushe motar take noƙewa. Idan da safe ne kaɗai, ta kuma warware bayan inji ya yi zafi, hankali ya tafi kan sensar zafin ruwa da ƙananan kafofin da iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan sai ta yi zafi take yi, a tuhumi kwayil da rile da tsofaffin haɗin dalma a cikin birenbos. Idan tana tafiya lafiya a gari amma ƙarfinta yana ƙarewa a kan doguwar hanya yayin da allurar juyin inji ta haura sama, mai ne ba ya isa. Idan tana karkarwa lokacin da aka taka sosai a babbar giya alhali juyin inji yana ƙasa, wannan alamar raunin wuta ce, domin a nan ne matsi ya fi yawa a silinda, wuta mai rauni kuma ta fi kasa tsallaka bakin fulogi. Idan kuma noƙewar tana zuwa ne a wuri guda na tafiyar totur, kullum a nan, sama da shi lafiya ƙasa da shi lafiya, to ma'aunin iska ne babban abin zargi. Tawa wannan na ƙarshen take yi, tare da ɗan tari da safe, abin da ya nuna mini tun farko cewa matsalar ba ɗaya ba ce.

Akwai abubuwan da ba su buƙatar komai sai ido, kuma bai kamata a tsallake su ba don sun yi sauƙi. A sa wani ya taka totur har ƙasa, inji a kashe, a duba ko faifan totur ya buɗe gaba ɗaya, domin wayar totur tana saki da tsufa, wani lokaci ma tabarmar ƙasa ce ta naɗe a bayan feda. A ciro filtar iska a ɗaga ta ga rana, musamman bayan hunturu, a kuma ɗaga kowace taya a juya ta da hannu ko birki yana riƙewa.

Daga nan sai iskar sata, wadda a ganina ita ce kan gaba a duk motar da ta haura shekara 30. Duk iskar da ta shiga injin ba tare da ta bi ta ma'auni ba, birenbos bai san da ita ba, ba zai kuma ba ta rabonta na mai ba. Tsakanin ma'aunin iska da maƙogwaron totur akwai wata baƙar roba mai kauri, lanƙwasasshiya, mai ƙananan bakuna da tiyoyi suke shiga. Idan aka dube ta a inda take, sumul take, har da sheƙi idan an goge. Da na kwance kilif biyun na ciro tawa, na lanƙwasa ta a hannu a cikin hasken rana, sai ga tsaga a ƙarƙashinta, a cikin lungun lanƙwasar, tsawonta bai fi gaɓar yatsa ba, bakinta a bushe yana marmashewa. A silo tsagar a rufe take. Sai an taka totur inji ya ɗan karkata a kan mawuntin ɗinsa, ya ja robar, sannan take buɗe baki ta sha iska, wato a daidai lokacin da injin ya fi buƙatar mai. Wannan ne ya sa gwajin da ake yi a gareji mota tana tsaye ba ya kama ta. Haka kuma ya kamata a bi siraran tiyoyin zuƙa ɗaya bayan ɗaya, da manyan tiyoyin da ke ƙarƙashin manifol masu zuwa bawul ɗin silo, da zoben roba na murfin baƙin mai da na sandar auna shi, domin a wannan injin cikin kirankes ma yana haɗe da hanyar shan iska. Gwaji mafi tsabta shi ne a hura hayaƙi a cikin hanyar iskar, inji a kashe, a ga inda zai ɓullo. Makanikai sukan fesa fetur ko ruwan wankin kafireta a kan haɗe-haɗe inji yana aiki, su saurari inda silo zai canza. Hanyar tana aiki, amma kusa da salansa mai zafi ba abin wasa ba ce, kuma ban yarda a yi ta ba sai da abin kashe gobara a gefe. Mai gejin zuƙa zai ga lafiyayyen inji yana nuna tsakanin inci 17 da 21 a silo, allura a tsaye ba ta rawa, sai dai a gari mai tudu irin Jos lambar takan sauka kaɗan ba tare da wata matsala ba.

Bayan iska sai mai, kuma a nan geji ne alƙali. A ƙarshen bututun da ke raba wa nozuloli mai akwai wani murfi mai zare inda ake ɗaura geji, a cikinsa kuma akwai 'yar ƙwallon ƙarfe da ke toshe bakin. A sa tsumma a tare ta, domin idan ta faɗa cikin injin ta ɓace, mai zai yi ta tsiyaya daga wurin. A ciro rilen DME, wato wanda yake ba wa birenbos da famfon mai wuta, daga akwatin fis, a haɗa ramuka masu lamba 30 da 87 da 87b da guntuwar waya, famfo zai tashi ba tare da an tayar da inji ba, geji kuma ya kamata ya tsaya a wajen bar 2.5. Idan an mayar da rile an tayar da inji, a silo lambar za ta sauka zuwa wajen bar 2, idan kuma aka cire siririn tiyon da ke kan regileta mai daidaita matsin mai sai ta koma sama. Wannan hawa da saukar shi ne abin lura, domin shi ne yake hana feshin nozul raguwa a lokacin da aka buɗe totur. Idan aka ga danshin fetur a cikin wannan tiyon, fatar robar da ke cikin regileta ta fashe. Bayan an kashe, matsin ya kamata ya riƙe aƙalla bar 1 har minti 20. Sai dai matsi kaɗai ba ya wanke famfo daga zargi, domin famfon da ya gaji zai iya nuna lamba mai kyau a silo ya kuma kasa a kan hanya. Abin da littafin gyara ya gindaya shi ne ya zubo aƙalla mililita 850 a cikin daƙiƙa 30, kuma idan bai kai ba, a duba filtar mai da rariyar da ke cikin tanki kafin a yanke wa famfon hukunci. Tawa ta ci wannan jarrabawa duka, shi ya sa ban sayi famfo ba duk da cewa shi ne abin da aka fara ba ni shawara.

Ingancin man kansa ma abin dubawa ne a ƙasarmu. Waɗanda suke tuƙi a watan Fabrairun 2022 ba su manta da fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo Najeriya ya lalata motoci a Legas da Abuja ba, man jarka na 'yan bumburutu kuwa kowa ya san ba shi da tabbas. Motar gudu kuma takan daɗe a ajiye, fetur ya tsufa a tanki ya zama danƙo, ruwa ya taru a ƙasa ya haifar da tsatsa. A zubo kaɗan a farar kwalba a bar shi ya kwanta, ruwa da datti za su nuna kansu. Tunda an riga an buɗe bonet, a shafa tiyoyin mai na roba da suke bi ta saman manifol ɗin salansa. Idan sun yi tauri ko sun tsattsage a canza su a ranar, domin su ne sanannen sanadin gobara a wannan samfuri.

Ɓangaren wuta ba shi da wahalar bincike. A ciro fulogi huɗun a jera su yadda suke a injin: launin ƙasa-ƙasa lafiya ne, fari fat yana nufin mai ya yi kaɗan, baƙi mai toka yana nufin ya yi yawa, guda ɗaya da ya bambanta da 'yan uwansa kuma yana nuna silindar da za a bi. Tazarar bakinsu milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. A duba murfin distirbuta da rota ko akwai tsaga ko baƙin layin ƙuna, a kuma tayar da inji da dare a wuri mai duhu a kalli wayoyin fulogi ko wuta tana tsalle daga jikinsu. Abin da ya kamata a gaya wa duk bakaniken da ya saba da tsofaffin motoci shi ne, distirbutar wannan motar ba a murɗa ta domin saita taimin. Rarraba wuta kawai take yi, lokacin wutar kuwa birenbos ne yake yanke shi.

Sensar zafin ruwa da birenbos yake amfani da ita daban take da wadda take motsa allurar dashbod, saboda haka allura tana iya nuna daidai alhali birenbos yana karɓar ƙarya. Tana gaban inji, mai soket shuɗi da ƙafa biyu. A zafin digiri 20 mita za ta nuna tsakanin ohm 2,000 da 3,000, a digiri 80 kuma wajen 300. Littattafan gyara an rubuta su ne da yanayin Turai a rai. Wanda ya auna da rana a Kano a watan Afrilu, inji a sanyaye amma gari yana digiri 40, zai ga wajen 1,200, kuma wannan daidai ne, kada ya jefar da lafiyayyar sensa. A nan ne kuma al'adar cire tamostat take yin ɓarna. Makanikanmu da yawa suna cire shi da hujjar cewa na ƙasar sanyi ne, amma injin da bai kai zafin aikinsa ba birenbos zai ci gaba da ƙara masa mai, fulogi su yi baƙi, motar ta yi nauyi a ƙafa, mai ita kuma ya shiga neman matsala a inda babu ita.

Makunnin totur yana ƙarƙashin maƙogwaron totur, inda baƙin mai yake tsiyaya ya taru a cikinsa. Abu biyu kawai yake faɗa, wato totur a rufe yake ko kuma an taka shi har ƙasa. Inji a kashe, a motsa totur da hannu a hankali, ya kamata a ji ƙas da zarar faifan ya bar mazauninsa, mita kuma ta tabbatar da cewa haɗin ya yanke. Idan makunnin ya maƙale yana cewa a rufe yake alhali an taka, birenbos zai ɗauka gangara ake yi, ya riƙa yanke mai yana mayarwa, motar ta yi ta fizge-fizge a ƙaramin totur. Idan kuma ɓangaren cikakken totur ne ya mutu, ƙarin man da ake bayarwa a ƙarshen feda ba zai zo ba.

Ma'aunin iska shi ne inda na fi daɗewa, kuma shi ne wurin da aka fi yi wa waɗannan motoci illa. A cikinsa akwai ƙyauren aluminiyam da iska take turawa, sifirin kuma yana mayar da shi. A saman sandar ƙyauren, ƙarƙashin wani baƙin murfin roba da aka manne da gam, akwai ɗan hannun ƙarfe mai harshe biyu da yake goga a kan wata baƙar turba ta kabon mai siffar baka. Birenbos yana aika volt 5, hannun kuma yana mayar masa da wani ɓangare gwargwadon buɗewar ƙyauren, daga ƙasa da rabin volt a rufe zuwa sama da volt 4 a buɗe. Direba yakan shafe mafi yawan tafiyarsa a ƙaramin totur, saboda haka harshen yana kai da komo a ɗan yanki guda shekara da shekaru har ya cinye kabon ɗin wurin. Daidai yake da maɓallin ƙarar tsohuwar rediyo, wanda yake ƙarƙara ko ya ɗauke a wurin da aka saba ajiye shi, amma yana aiki lafiya idan an murɗa gaba. Ana gane haka ta hanyar kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a jona mita a wayar da take mayar da saƙo, a tura ƙyauren da yatsa a hankali ƙwarai daga rufe zuwa buɗe. Tsohuwar mita mai allura ta fi mai lambobi amfani a nan, domin ido yana kama faɗuwar allura ko da ta ƙiftawa ɗaya ce. A tawa allurar tana hawa sumul, sai a wajen kashi ɗaya cikin uku na tafiyar ta faɗi ta sake tashi. Da na yanke gam ɗin na ɗaga murfin, sai ga siraran layuka biyu a kan baƙar turbar, sun yi haske har ana hango farin allon da ke ƙasa, a daidai wannan yanki. Wannan ba aibin ƙira ba ne, goga ce ta kusan shekara 40.

Gyaran ba ya cin kuɗi, haƙuri yake ci. Turbar ta fi harshen faɗi, saboda haka akwai sabon kabon a gefen inda ya cinye. Ana sa alama a mazaunin komai, a sassauta hannun a ɗan ɗaga shi ko a saukar da shi a kan sandarsa yadda harshen zai koma bin sabon layi ba tare da kusurwarsa ta canza ba, a goge turbar da ruwan wankin kayan lantarki da auduga, ba da sanfefa ba, a sake gwadawa da mita, sannan a mayar da murfi a manne shi sosai saboda ƙura. A kuma tabbata ƙyauren yana tafiya ba tare da gogar bango ba, domin tarin da inji yake yi ta baya yakan lanƙwasa shi.

Dattijon bakaniken da yake taya ni aiki, mutum mai hannu ƙwarai a kan tsofaffin motocin Jamus, da ya ga murfin a buɗe sai ya nuna baƙin faifai mai haƙora da ke riƙe da sifirin ya ce, “Alhaji, a sassauta wannan haƙori biyu ko uku, za ka ga ta dawo yarinya.” Na ce masa, “Baba, a bar kaza cikin gashinta.” Abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne ta fuska ɗaya, domin idan aka sassauta sifirin ƙyauren zai riƙa buɗewa fiye da ƙima, birenbos ya ɗauka iska ta ƙaru, ya ƙara mai a ko'ina, noƙewar da iskar sata ta haddasa kuma ta ɓuya. Sai dai tsagar tana nan, motar za ta koma shan mai da baƙin hayaƙi, kuma tunda da wannan saƙon ne birenbos yake zaɓar lokacin wuta, taimin ma ya gurɓace. Rarar fetur tana wanke baƙin mai daga bangon silinda, silindar wannan injin kuwa ba ta da hannun riga na ƙarfe. Aluminiyam ce mai haɗin silikon da ake kira Alusil, wadda ba kowane mai injin gundura ne zai iya gyara ta ba idan ta karce. An saita wannan sifirin ne a masana'anta da na'urar da babu ita a gareji, kuma wanda ya sayi mota ya tarar an taɓa buɗe murfin ya kamata ya fara zargin an murɗa shi. Shawarar mayar da motar kafireta, wadda ake yawan bayarwa idan injekta ta gagara, ta fi wannan muni, domin an riga an ga cewa distirbutar ba ta da abin da za ta saita wuta da kanta.

Akwai sauran abubuwa uku da ya kamata a sani ko da ba su ne suka kama tawa ba. Na farko, injin irin na Turai yana da matsi na 10.6 ga 1, an tsara shi ne domin fetur mai yawan oktan, wato mai jure matsi sosai, wanda gidajen manmu ba sa sayarwa, ba shi kuma da sensar da za ta ji ƙarar ƙwanƙwasa ta janye wuta da kanta. Idan ana jin wannan ƙarar a hawan tudu da zafin rana, a jikin birenbos akwai ɗan makunni mai matakai da aka tanada domin ingancin mai, wanda wasu matakansa suke jinkirta wuta da kusan digiri 3. Ƙarfi zai ɗan ragu, amma fistin zai tsira. Birenbos ɗin yana ƙarƙashin ƙafar fasinja, kuma idan mazaunin batir ya yi tsatsa ya huje, ruwan damina a kansa yake sauka. Na biyu shi ne bel ɗin taimin, wanda idan ya tsallake haƙori ɗaya motar za ta rasa ƙarfi a ko'ina, idan kuma ya tsinke bawul da fistin za su haɗu, saboda haka duba alamominsa wajibi ne ga duk wanda bai san ranar da aka sa shi ba. Na uku ba ma a inji yake ba: faifan kuloci na asali yana da roba a tsakiya, idan ta ruɓe sai a ji motar ta yi gif da ƙara duk lokacin da aka taka ko aka saki totur, mutane da yawa kuma sukan ɗauka inji ne yake noƙewa.

Da aka sa sabuwar roba aka kuma matsar da harshen ma'aunin, tarin safe ya tafi, ramin da ke tsakiyar totur ya cike, silo ya zauna tsakanin juyi 800 da 900 a minti. Abin da ya rage shi ne halin motar na asali, wanda bai kamata a ɗauke shi a matsayin cuta ba. Ƙarfin jan wannan injin yana kaiwa ƙololuwa ne a wajen juyi 3,000, saboda haka wanda ya taka a giya ta biyar allura tana 1,500 zai jira, komai lafiyar motar, kuma ƙyauren da iska take turawa ba zai taɓa yin saurin sensar zamani ba. Ana sayar da kayan da suke maye gurbin ƙyauren da irin wannan sensar, masu su kuma suna yaba yadda totur yake ƙara kaifi, amma ba su da amfani a kan injin da yake shan iskar sata ko yake da raunin famfo, sannan sensar zamani ba ta jure ƙura kamar ƙyauren aluminiyam. Sabon layin kabon ɗin shi ma zai cinye wata rana, ranar kuwa sai a nemi ma'aunin da aka sabunta, a kuma tabbata na ƙirar tsakiyar 1985 zuwa sama ne, domin na motocin farko ba ya aiki da birenbos ɗin motocin da suka biyo baya.